Kwalbar Mutum Goma

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin asibitin nan ya san Mama Ungozoma ba ta rashin lafiya. Ba wai ciwo ba ya zuwa mata ba, ita ce dai ba ta amsa masa sallama. Ko zazzaɓi na dafa ta, da sassafe za ka same ta a ɗakin haihuwa cikin farar rigarta, hanci ja wur, tana ba da umarni. In ka ce mata sannu, sai ta ce sannun me, faɗuwa ta yi?

Shi ya sa duk shekara, da sanyi ya fara leƙowa aka kawo allurar rigakafin babbar mura, wadda su a asibiti suke kira fulu, ita ce kan gaba wajen yi wa allurar dariya. Likita zai tara ma'aikata ya yi ta bayani: wannan ba murar atishawa biyu ba ce, tana kwantar da ƙato, tana iya tafiya da tsoho ko jariri, kuma ma'aikacin asibiti ya fi kowa yawo da ita daga wannan gado zuwa wancan. Kowa ya gyaɗa kai. Da an koma ɗakin shan shayi, sai Ungozoma ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ta warware duk abin da bawan Allah ya ƙulla.

"Mu da ake yi wa tari a fuska tun kafin a haifi wasunku? Jikinmu ya riga ya yi wa kansa rigakafi. Wai mura! Baɗi kuma sai su kawo mana allurar hamma."

Sai a bushe da dariya. Ba kuma mai son shiga bakinta, domin in ta laƙaba maka suna, da shi za ka yi ritaya.

Ana nan sai autarta ta haihu, ba a asibitinsu ba, a babban asibiti can ɗaya gefen gari, kuma bakwaini. Namiji ne ɗan mitsitsi, jikanta na fari, domin yayyen Auta maza ne masu jan ƙafa wajen aure. Aka sa shi a akwatin gilashi mai ɗumi, aka ce ba mai shiga ɗakin sai uwarsa. Ungozoma, wadda rabin yaran unguwa ta hannunta suka shigo duniya, sai a waya take ganin nata jikan. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba.

Wata rana da yamma Auta ta kira ta.

"Mama, sun ce in ya ci gaba da ƙara nauyi, nan da mako biyu za su sallame mu."

"Alhamdu lillahi! Ni zan ɗauko ɗan mijin nawa da hannuna."

"To, amma akwai magana. Likitan yara ya ce duk wanda zai riƙa ɗaukarsa sai ya yi allurar fulu. Shi ba a yi masa sai ya kai wata shida, mu ne za mu tsare shi. Kuma allurar tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta kama jiki."

"Wa kike gaya wa wannan karatun?"

"Ke mana. Ke da kike wuni cikin masu tari."

"Ke Auta, ni fa na haife ki."

"Na sani, Mama. Shi kuma ni na haife shi." Sannan ta ƙara da wata murya mai sanyi wadda Ungozoma ta san daga wajenta aka gado ta: "Maman babansa ta yi tata tun jiya."

Nan fa zance ya ƙare. Maman babansa, wadda Ungozoma take kira Kakar Can, tsohuwar malamar makaranta ce mai hankali da ladabi, ba ta taɓa yi mata laifin komai ba, kuma wannan ne babban laifinta. A ce ita za ta rungumi yaron nan, ungozoma guda tana gefe tana kallo? Ai ba za a yi haka da ranta ba.

Washegari ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ƙarshen baranda, inda ɗakin Mai Firji yake. Ɗan ɗaki ne mai sanyi, firji biyu suna ta gurnani, akwatunan ƙanƙara jere a ƙasa, shi kuma siririn mutum a tsakiya, da rigar sanyi rani da damina. Duk allurar rigakafin asibitin a hannunsa take, kuma yana ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Ungozoma ta tura ƙofa ta rufe, ta yi ƙasa da murya.

"Allurar nan nake so ka yi mini."

"Wacce?"

"Ta murar nan."

"Ban ji ba, Mama, firji na ƙara."

"Ka ji sarai, ɗan nema."

Ya yi murmushin da ya daɗe yana ajiye da shi. Ya buɗe firji ya ɗauko 'yar kwalba, ya ɗaga ta nuna mata, sannan ya mayar ya rufe.

"Wannan ta mutum goma ce. Ba na buɗe ta don mutum ɗaya."

"Kada ka raina mini hankali. In an buɗe ai ana iya mayar da ita firji."

"Ana iya. Ta zauna tana jiran wa? Waɗanda kika kora? Shekarun baya na buɗe wa mutum biyu, sauran ta zauna har ta lalace na zubar, manya suka wanke ni tas. Tun ranar na kafa wa kaina doka: sai na ga kafaɗa goma. Kawo tara, ke ta goma."

"To, zuwa jibi."

"Yau dai. Gobe da asuba zan fita da allurar yara zuwa ƙananan asibitoci, sai bayan mako, kuma makullina ba ya kwana a aljihun kowa."

Ta yi masa kallon da take yi wa mazan da ke leƙen ɗakin haihuwa. Ko gezau.

Ta fito tana lissafi. Mutum tara a asibiti guda ai ba wani abu ba ne. Ta ce bari ta fara da masu sauƙi, waɗanda duk shekara take ganin kwaɗayin allurar a idonsu. Ta sami Nas Ƙarama tana gyara gadon awo.

"'Yata, ajiye wannan. Zo mu je ki yi allurar fulu, tana da amfani."

Yarinya ta yi tsuru-tsuru, ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa.

"Na riga na yi, Mama."

"Yaushe?"

"Ranar hutunki."

"Ke kaɗai? Mai Firji ya buɗe miki ke kaɗai?"

"Mu goma ne."

Da kyar, da lallashi da zare ido, maganar ta fito. Ashe ranar da ba ta zo aiki ba suka haɗa kai, nas-nas na ɗakin haihuwa da na ɗakin yara har da mai shara, suka shige ɗakin Mai Firji suka kulle. Suka ce wa mai gadi in ya hango ta ya buga ƙarfe. Har alkawari suka yi cewa ba wanda zai sosa kafaɗa a gabanta.

"Bara ma haka muka yi," in ji Nas Ƙarama, tun da dai asiri ya riga ya tonu.

Ungozoma ta so ta yi faɗa, ta rasa ta inda za ta kama. Ita a ganinta wasa take yi a ɗakin shayi, ashe yaran da take kira 'ya'yanta ɓuya suke yi su sha magani kamar ɓarayi, don gudun bakinta. Kunya ta kama ta, irin wadda ta manta rabonta da ji. Ga kuma wata sabuwa: duk masu hankalin sun riga sun yi. Waɗanda suka rage su ne almajiranta na gaskiya, waɗanda suka haddace karatunta suka riƙe shi da hannu biyu.

Ta fara da Mai Kati, ta zagaya ta bayan tagarsa, ga layin marasa lafiya har bakin ƙofa.

"Haba Mama," in ji shi, yana ta buga hatimi bai ɗago ba. "Ke da bakinki kika ce allurar ce ke sa mura. Kin ce wani ya yi ya kwanta."

"Wane wani?"

"Ba ki faɗi sunansa ba."

"To babu shi. Ƙwayar da ke cikin allurar nan matacciya ce, ba ta tashi ta sa maka fulu. In ka ji kafaɗa ta yi tsami ko jiki ya ɗan yi ɗumi, jikinka ne ke atisaye."

Ya ajiye hatimi ya dube ta. "Ashe kin sani?"

"A'a, a kasuwa na yi karatu."

"To me ya sa duk shekara..."

"Kai, tashi mu tafi."

Ya ce shi gaskiya hankalinsa bai kwanta ba. Ta gyara tsayuwa, ta riƙe ƙugu.

"Wa ya karɓi tagwayenka, ranar da kake birgima a baranda kana kiran innarka?"

"Wannan ba hujja ba ce, Mama."

"Ba hujja ba ce, amma ga shi ka miƙe."

Da ta ga makamin nan yana ci, sai ta bi ɗaki-ɗaki da shi. Mai ba da magani, ita ta karɓi 'yarsa. Nas biyu na ɗakin maza, ɗaya ta karɓi ɗanta, ɗayan kuma ƙanwarsa ce ta haihu a hannunta. Masu tura gado biyu ma ba su tsira ba. Kowa sai ya fara karanto mata nata karatun, jikinmu ya saba, mura ai ba ciwo ba ce, ita kuma ta rushe shi da bayani, in bayani bai yi ba ta tuna masa ranar da ya zo mata ido jajir.

Dogo direban motar asibiti da ya ji labari sai ya ɓace. A bayan motar ta same shi, kwance kan gadon marasa lafiya ya ja mayafi, ƙafafunsa sun yi waje. Ƙato ne wanda ke ɗaukar majinyaci shi kaɗai kamar jaka, amma in ya ga allura sai gumi.

"Ni ba ni da mata, ba ni da ɗa," in ji shi daga cikin mayafi. "Ba ki da abin kama ni."

"Kai kanka fa? Wa ya fara ganin ka a duniya, ko wando babu? Ka fito, ko in je ɗakin shayi in ba da labari dalla-dalla."

Ya fito.

Saura Mai Gwajin Jini, kuma shi ne jan aiki. Shi ba a asibitin aka haife shi ba, 'ya'yansa ma haka, kuma maganar da ita take yi don a yi dariya shi ya mayar da ita ilimi, har ƙari yake yi mata. Ta same shi ya duƙufa kan na'urar duba jini, ga ƙananan kwalabe jere a gabansa.

"Na ji kin sauya sheƙa," in ji shi.

"Na sauya. Taso."

"Tambaya ɗaya. In allurar na aiki, me ya sa kowace shekara sai an sake?"

"Don murar ma kowace shekara da sabuwar riga take zuwa."

"Ni dai ban taɓa kwanciya ba."

"Ni ma haka. Amma ba kwanciyarka ake ji ba, abin da za ka ɗauka ka kai wa wanda ba shi da ƙarfinka."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa. Ungozoma ta tsaya. Bayani ya ƙare, barazana babu, rana kuma ta yi nisa. Sai kawai ta ciro wayarta ta ajiye masa kusa da na'urar. Hoton jaririn ne a akwatinsa, siririyar roba a hanci, hannunsa duka bai gama zagaye yatsan Auta ba.

"Wannan ne aka ce ba zan taɓa ba," ta ce.

Ya daɗe yana duban hoton, yadda yake duban jini in ya ga abin da bai yi tsammani ba. Ya tambayi nauyin yaron, ta faɗa masa. Ya cire safar hannu ya jefa a kwando.

"Ban yarda ba fa. Rakiya zan yi."

"To ka naɗe hannun riga, mai rakiya."

Dab da tashi aiki ta tasa su gaba har ƙofar Mai Firji, Dogo a tsakiya don kada ya sulale. Mai Firji ya fito ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Tara, har da ke."

"Ƙirga ni biyu, ai ina da jiki."

"Jiki gare ki, amma mutum ɗaya ce."

"To kai fa?"

"Ni na buɗe layi ranar hutunki."

Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta dubi baranda, ba kowa sai masu jinya da ke jiran magani. A daidai nan sai ga Likita ya taho da sauri, waya a kunne, ya ga taro ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Abin da nake ta faɗa ke nan shekara da shekaru. Mama, har da ke? Kai, yau na ji daɗi."

Mai Firji ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, kai ma fa ban ga kafaɗarka ba bana. Bara ma ban gani ba."

Likita ya dubi agogo, ya dubi wayarsa.

"E to, lokaci ne bai samu ba. Ina nan tafe, cikin makon nan."

"Ga lokacin ya zo da ƙafarsa," in ji Ungozoma. Ta zare wayar daga hannunsa ta kara a kunne. "Ko wane ne, zai kira ka. Allura ake yi masa."

Haka aka buɗe kwalba. Nas Ƙarama ce ta yi musu, tana danne dariya. Dogo ya rufe ido yana ta addu'a da ƙarfi, har aka gama aka manna masa auduga bai sani ba, sai da aka ce ya tashi ya ba wani kujera. Likita ya ce bai ji komai ba, amma kowa ya ga yadda ya cije leɓe. Ungozoma ce ta ƙarshe. Ta miƙa kafaɗa, ta ce wa Nas Ƙarama, "Daga yau duk mai son sosawa ya sosa a gabana."

Kwanaki suka ja jiki suka wuce. Ta wanke sababbin zannuwa ta goge, ta yanke farce har ya kusa taɓa nama, kullum ta kira Auta ta ji nauyin yaro. Ranar da za a sallame su kuwa, ta farka da wani ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta sha ruwan ɗumi, ta ce ƙishirwa ce. Kafin azahar hanci ya fara sanyi ta ciki. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, 'yar mura ce ta gama-gari, irin wadda allurar fulu ba ta taɓa cewa za ta hana ba. Ta san haka sarai. Ta kuma san cewa a gari kaf babu wanda ya kai ta iya ɓoye mura. A mota ta tsotsi maganin maƙogwaro, ta gwada muryarta, ta ji ta fita tas. Ɗauka ɗaya ce kawai, in ji zuciyarta, ko numfashi ba za ta yi a kansa ba.

Ta yi sallama a ƙofar falon Auta. Kakar Can na zaune a gefe, ta tashi ta tarbe ta da fara'a. Sai ga Auta ta fito daga ɗaki a hankali, ta rame, tana murmushi, da ɗan ƙunshin farin tawul a ƙirji. Ta nufo ta tana miƙo shi.

"Ga mijin naki, Mama. Kin biya sadaki, karɓi abinki."

Ungozoma ta miƙa hannu. Ta ga tsakiyar kansa tana bugawa a hankali, ta ga ƙirjin nan da bai fi tafin hannunta ba yana hawa yana sauka. Ta sha ganin irin wannan ƙirji in mura ta shige shi, ta san yadda yake lotsawa tsakanin haƙarƙari. Ta janye hannuwanta ta ja da baya.

"Tsaya nan. Kada ki matso."

"Lafiya? Ai kin yi allurar."

"Ta fulu na yi. Wannan mura ce, da ita na tashi. Koma da shi ciki."

"Ni ban ji komai a muryarki ba, Mama."

"Ni na ji."

Ta ci gaba da ja da baya har ta fita tsakar gida, sannan ta juya ta saki atishawar da take riƙe da ita tun daga bakin titi. Da ta waiwayo, yaro na hannun Kakar Can.

"Tallafe masa kai," ta ɗaga murya daga waje. "Hannun hagun ya shiga ƙasa. A'a, ba haka..."

Amma haka ne. Matar nan ta riƙe shi daidai, ba inda za a gyara, abin haushi. Ta tako a hankali zuwa tsakiyar falo inda haske yake, ta juyo da fuskarsa wajen ƙofa, ta ɗan janye tawul ɗin.

"Dube shi da kyau, Yaya," ta ce. "Goshin nan naku ne."

Yaro ya buɗe ido ɗaya, ya yamutsa fuska, ya koma barci. Ungozoma ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya gam, don ba ta amince da su ba. Daɗi da baƙin ciki suka taru mata, ido ya cika ya zubo.

"Mama, kuka kike yi?" in ji Auta.

"Mura ce."

Ta ƙara matsawa baya kaɗan, ta ce a ɗan ɗaga shi sama ta ga ƙafafun.